Masu Tsayar da Tirela da Tafin Hannu

A titin Zariya, daga Na'ibawa zuwa Unguwa Uku, tsakanin la'asar da magariba ake haɗuwa: manyan motoci na shigowa Kano, 'yan kasuwa na komawa gida, yaran Islamiyya na tashi. Jama'ar wannan titi, na ƙasa da na cikin mota, sun sha bamban a komai in ban da abu ɗaya. Kowannensu ya sakankance cewa ɗayan ya gan shi.

Jagoransu shi ne mai ɗaga hannu. Yawanci dattijo ne, ya sha babbar riga, carbi na reto a hagu. Ba ruwansa da duba gabas ko yamma. Sai ya sa ƙafa a kwalta, ya ɗaga tafin damansa, ya fara takawa cikin ƙasaita, domin a wurinsa wannan hannu danja ce mai zaman kanta. In mai Adaidaita ne ke tafe, da sauƙi. Zai taka birki ya ce, "Baba, a riƙa dubawa mana." Baba ya ce, "Kai ka duba, ɗan nan, kai da aka haɗa maka da madubi." Matsalar ita ce Baba ba ya tantancewa. Yadda ya ɗaga wa mai keke hannu, haka yake ɗaga wa tirelar siminti. Ita kuwa buhu 600 ta ɗauko, kowanne kilo 50, wato tan 30 ke nan ban da nauyin motar kanta. Direba ya taka birki, iska ta yi tsaki, amma kayan da ke baya labari bai iske su ba tukuna, sai turo kan motar suke yi. Kafin ta tsaya cak, ta wuce inda Baba yake. Abin da ke fitar da shi kullum shi ne ƙafafunsa, waɗanda a daƙiƙar ƙarshe suke tuna cewa sun yi langa da ƙuruciya. Ya isa ƙetare hula a hannu, yana haki, yana faɗin yaran zamani ba su da tarbiyya.

Ƙanensa shi ne mai shawara a tsakiyar titi. Ya yi taku uku, ya fasa, ya ja da baya, ya sake niyya. Direba ya kauce dama, shi ma ya yi dama. Daga ƙarshe su tsaya suna kallon juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yanke hukunci.

Sai saurayin da ya toshe kunnuwa biyu da abin jin waƙa, kai a sunkuye, babban yatsa na aiki. Wannan bai ma san ya tsallaka titi ba. Hon ɗin tifa, wanda ke tayar da jariri a lungu na uku, shi a kunnensa wani ɓangare ne na kiɗan.

Mai raina gada kuwa mutum ne mai aƙida. An gina gadar ƙafa, an kafa shinge a tsakiyar titi don a tilasta masa hawa, shi kuma ya ɗauki abin a matsayin cin fuska. Ya san inda aka ɓalle ƙarfe ɗaya, ya tattare rigarsa, ya karkace, ya zura kafaɗa, ya fito ɗaya gefen da tsatsa a ƙirji, yana alfaharin ya rage minti biyu. Gadar ta zama ta awaki da mai sayar da caja. A nan dai sai a yi adalci: tsohuwar da ke ɗauke da ƙullin kaya da ciwon gwiwa, wanda ya zana matakalar nan bai tuna da ita ba. Kuma gefen titin da aka yi don masu tafiya a ƙasa, mai lemo da mai faci da motar da aka ajiye tun safe sun riga sun rabe shi, dole mutum ya sauko kwalta. Amma ƙaton da ke haura shinge da takalmin motsa jiki a ƙafarsa, ban san uzurin da zai kawo ba.

Cikin mota ma akwai gwanaye. Ga Alhaji mai ciniki, ya taso daga Singa, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, hannu ɗaya na lissafi a iska. "Katan nawa? A'a, wallahi ban sallama ba. Bari in duba alat ɗin." Sai ya sauke ido kan wayar. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa; daƙiƙa uku na duba alat, Alhaji ya yi mita 50 ba tare da ya ga gabansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya ninka waninsa kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari. Alhaji ya san laifi ne, shi ya sa da ya hango jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda tun 1988 take fama da irinsa, sai ya saki wayar ta faɗa cinya, ya kama sitiyari da hannu biyu, fuska ta koma ta salihai. Daga cinyar kuma murya na tashi: "Alhaji, kana ji na? To a bar maka a hakan?"

Ɗan Adaidaita nasa gado ne. Da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, da yawa sun koma kan mai ƙafa uku, suka taho da tsohon imaninsu cewa duk inda tayar gaba ta shiga, sauran jikin zai bi. Abin da ya fi so a duniya shi ne tirelar da za ta sha kwana. Doguwar mota in za ta yi dama sai ta fara buɗewa hagu, don tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwanar suke yi. Wannan fili da ta buɗe, shi a wurinsa rabo ne daga Allah. Ya kutsa da fasinja biyar da buhun albasa. Direban tirela yana can sama a kujerar hagu, abin da ke ƙasan ƙofarsa ta dama ba ya ganin sa ko kaɗan, filin kuwa yana rufewa kamar bakin almakashi. Fasinjoji na salati, shi yana cewa, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ya gan mu."

Shi direban tirelar, ba a cika jin ta bakinsa ba sai an yi ɓarna. Daga Legas ya taso, ido ya yi ja, goro a kunci, shayi mai kauri ne ke riƙe da shi. A lissafinsa babba babba ne, wanda ya ji hon bai kauce ba shi ya so. Amma ko shi ya san akwai wuraren da madubi ba ya kai wa: dab da hancin motar, inda yaro zai tsaya a ɓace, da gefen dama, da bayan bodi. Don haka tun zamanin gingimari yake tafiya da yaron mota, mai sa waigi, mai dukan bodi, mai leƙa taga ya zama idon Oga na dama. Shekara da shekaru wannan yaro ya ceci rayukan da ba wanda ya ƙirga.

Sai dai bara ya sayi babbar waya. Yanzu in an zo kwana Oga ya ce, "Kai, duba min nan gefen," sai ya amsa, ido na kan TikTok, yana dariyar wani abu daban: "Taho kawai, Oga, ba kowa."