A Kai Maganata Fada: Ina Neman Sarautar Ruwa

Sen Nazer, Faransa

Zuwa ga taubashina kuma bawana Kyari, a Fachi,

Ina Inna, yaya ƙafar tata? Ina Falmata da yara? Ka gaishe ta da haƙurin zama da kai, Allah ya ba ta ladan. Yaya dabino bana, ya riƙe ƴaƴa ko iska ta kaɗe? Ayari ya fara sauka ko har yanzu kuna leƙen yamma?

Labari ya iso ni cewa tun ranar da na turo hoton nan ta WhatsApp kake yawo da shi zaure zaure, kana cewa Bukar ya bar walda ya koma su, wai talauci ne ya kora shi ruwa. Har an ce ka rantse kifin da ke hannuna aro na yi. To gyara zama in warware maka, don jahilcinka ya fara ba dangi kunya.

Irin wannan kamun kifi ba talauci ke kai mutum gare shi ba, shi ke kawo talaucin. Mai jirgin da muke fita da shi wani tsohon Bature ne da ya koya mini aiki a wurin ƙera jiragen ruwa kafin ya yi ritaya. Jirgin nasa na roba ne, fari, tsawonsa bai kai mita shida ba, da inji a gindi. Ya sa masa sunan matarsa, ita kuwa ba ta taɓa taka shi ba, ta ce ba ta shiga ɗakin kishiya. Kuma da gaskiyarta. Kuɗin wurin ɗaure shi a tasha daban, inshora daban, mai daban, fenti duk shekara, in sanyi ya shigo a biya a ɗaga shi a ajiye kan tudu. Kafin ma ka tuƙa, in dai injin ya wuce ƙarfin doki shida sai ka zauna jarrabawa an ba ka permi, shi ma permin iyakarsa mil shida na teku daga mafaka, wato wajen kilomita 11. Duk wannan don mutum ya tashi da asuba ya je ya sha sanyi.

Ni Madugu nake ce masa, zan gaya maka dalili.

Teku ba ya zama wuri ɗaya. Tsakanin yini da dare sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa, kowanne wajen awa shida, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti hamsin. Wata ne ke jan sa. In wata ya tsaya, ko ya kai sha huɗu, ruwan yakan hau ya sauka da wajen mita biyar a nan gaɓarmu, ka zo da safe ka tarar da jirage suna lilo, ka dawo da azahar ka same su kwance cikin laka. Akwai ɗan littafi da ake bugawa duk shekara, an rubuta sa'ar cika da ta janyewa ta kowace rana, da lamba daga 20 zuwa 120 mai nuna ƙarfin ruwan ranar. Madugu ya haddace shi. Mutumin nan bai taɓa azumi ba, amma ya fi ladanin unguwarmu sanin kwanan wata. In ana gardamar Salla a masallacinmu na nan, ni dai in zame in buga masa waya.

Daga tashar Kurwazik muke tashi. Ba ya tada inji sai ya saurari labarin iska, ya gwada rediyo, ya ga na ɗaura rigar ceto har ya ja maɗaurin da hannunsa. Ya sa na haddace lamba 196, wadda ake kira in abu ya ɓaci, da tasha ta 16 a rediyon jirgi. Masu zuwa ceton yawanci ƴan sa-kai ne na wata ƙungiya, SNSM, da aka kafa a 1967. In sun tsamo ka ba ka biyan ko dala, amma in sun janyo jirginka sai ka biya. Ka ga a nan rai kyauta ne, roba ce mai kuɗi. Ranar farko da yake ja mini maɗaurin nan, yaran da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku a bayan Hilux ne suka faɗo mini a rai, waɗanda a can gaba ake lodawa fiye da ɗari cikin jirgin hura-iska ba riga ko ɗaya. Ban ce masa komai ba. Mu biyu ne a jirginsa, rigunan ceto huɗu.

Da ka bar bakin tasha ƙasa ta fara ja da baya, sai ka ga abin da ya sa na ba shi sunan nan. Yana da na'urar da ke nuna hanya, da wata da ke nuna zurfi har da kifin da ke ƙasa, amma kallo ɗaya yake musu. Yadda madugun Abzinawa ke ratsa Tenere da taurari da kwanciyar rairayi da kashin raƙuman bara, haka tsohon nan ke bin ruwa. Ya juya baya ya daidaita hasumiyar cocin wani ƙauye da tankin ruwan wani, in sun hau layi ɗaya ya kashe inji ya ce nan ne. Ni in duba, ruwa ne dai irin wanda muka wuce. Ya san inda launi ya sauya dutse ne a ƙasa, ya san in tsuntsaye suka taru suna faɗawa ruwa to manyan kifi ne suka koro ƙanana sama. Kuma halinsu ɗaya da madugai: ba ya son tambaya, ba ya gaya wa kowa wurarensa, in wani jirgi ya matso sai ya ajiye sanda ya kama cin burodi wai shi hutawa ya zo.

Na ba shi labarin Bishiyar Tenere, yadda ita kaɗai ce tsaye a hanyarmu, duk faɗin dajin nan direban babbar mota bai ga abin bugewa ba sai ita a 1973, har aka kwashi gawarta aka kai gidan tarihi na Yamai aka kafa ta ƙarfe a wurin. Ya yi dariya har da tari. Sai ya nuna mini hasumiyar fitila da ke kan duwatsun Fur, inda muke zuwa kamu, ya ce su ma direbobinsu haka suke, shi ya sa aka gina ta. Can gaba da ita kuma ga fankokin lantarki guda 80 da aka kafa cikin teku, suka fara aiki a 2022. Su bai yafe musu ba har yau, wai sun ɓata masa sararin sama.

Yanzu maganar amai, tunda na san wani munafuki zai kawo maka ita. Jirgi in yana tafiya da sauƙi. In aka kashe inji ne igiyar ruwa ke samun ka yadda take so, ta ɗaga ta sauke, ta karkata ta dawo, ga warin mai ga ƙarnin kifi. Abin da na yi ba amai ba ne, sadaka ce na fitar wa mazauna wurin, kuma an karɓa, don ban gama kurkure baki ba kifi ya fara ci.

Kifin da ake kira makaro ake kama wa baƙo, don makaro ba ya da wayo. Zare ne guda mai ƙugiya biyar a jere, kowace an ɗaura mata ɗan gashin tsuntsu, da dalma a ƙarshe. Ba tsutsa, ba nama, ba komai. Ka saki dalma ta nutse, ka riƙa ɗaga sanda kana saukewa. Can sai ka ji sandar ta hau rawa a hannunka, ka naɗo, ka ga huɗu ko biyar sun fito tare suna fal-fal. Kyari, kai da ba ka san kifi ba sai na gwangwani da bandar da ake kawowa daga Tafkin Chadi, ba ka san kifi yana da launi ba. Bayan makaro kore ne da shuɗi, da baƙin zane a karkace, cikinsa fari yana walƙiya. Kafin mu koma tasha duk ya dushe. Shi ya sa na hoton bai yi kyau ba, ba don aro ba ne.

Wanda masu kamun kifin nan suke haukacewa a kansa shi ne wani da suke kira bar. Shi kam sai an yaudare shi da kifin roba, a jefa a ja, a jefa a ja, wani lokaci yini guda ba labari. Allah ya ba ni ɗaya. Ya ja, na ja, sanda ta lanƙwashe, Madugu yana ihu in sassauta, ni ina kiran sunan Allah, har ya sa koma ya ɗauko shi. Kifi ne na gani na faɗa, mai kauri, azurfa tun daga kai har wutsiya. Ina cikin lissafin wa da wa zan kira cin dare, sai na ga tsohon nan ya jiƙa hannu, ya kwantar da shi kan wani ma'auni da ya manna a gefen jirgi. Santimita 40. Doka ta ce 42. Ya zare ƙugiya a hankali, ya riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ya buɗe hannu.

Na ce, "Madugu, lafiya?" Ya ce yaro ne, a bar shi ya yi aure ya haihu tukuna. Na ce ai ba jandarma a nan. Ya ce shi ma ya gani. Ban yi masa magana ba har muka ci abincin rana. Ka dai san irin kamun da nake yi ke nan: na kama, na yi afuwa.

Waɗanda aka riƙe ma ba a gama da su ba. Kafin a sauka sai an ɗauki almakashi an yanke wa kowane ɓarin wutsiya na ƙasa, dokar 2011 ce, don in an gan shi a kasuwa a san na masu shaƙatawa ne. Sayarwa haramun ce, tarar tana iya kai yuro 22,500, kusan sefa miliyan 15. Sai dai ka ci ko ka bayar. Da rani in makaro ya yi yawa, maƙwabtan Madugu suna hango shi da bokiti suke sakin labule. Matarsa ta taɓa zama da biro ta raba kuɗin jirgi na shekara da kifin da ya kawo gida. Abin da ya fito, ta ce da a kanti take saye da ta ciyar da layin gaba ɗaya. Shi kuwa ya ce ai ba kifi yake zuwa nema ba. Ta ce to wannan kam ana gani.

In ka tambaye ni, su na gaskiya shi ne na Sorkawan Kwara da na Argungu, inda mutum ke faɗawa ruwa da gora da homa ya fito da giwar ruwa. Amma fa batun ma'aunin nan, tun ina jin haushi har na daina. Kakannin Madugu sun ga lokacin da ake cewa kifin teku ba ya ƙarewa, shi kuma ya ga ya ragu da idonsa.

To ga dalilin wasiƙar. Na gano su gadonmu ne. A shekarar 2000 wani Ba'amurke mai tonon ƙasusuwan dabbobin da, Paul Sereno na Jami'ar Chicago, ya ci karo da wata maƙabarta a Gobero, can gefen Tenere ta yamma. Kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Mutanen farko da suka zauna wurin, kusan shekara 10,000 da suka wuce, dogaye ne ƙarfafa, kuma an samu masun kamun kifi na ƙashi tare da su, da ƙasusuwan giwar ruwa da kada da dorina. A Tenere fa, Kyari, inda kake ɓoye buta kada a sha maka. Ni dogo ne, kai gajere, saboda haka an san wanda ya gaji masuntan da wanda ya gaji abin da suke kamawa.

Don haka ka sa babbar rigarka, in ba ka jinginar ba, ka je fada ka ce Bukar na neman a naɗa shi Sarkin Ruwan Fachi. Na duba, ba mai riƙe da sarautar, ba mai nema. In an ce ina ruwan, ka ce rijiyoyin lambu da ramukan gishiri duk ƙarƙashina suke, sauran kuma ana jiran ya dawo. Kai zan ba ka riƙon ma'auni.

Af, gishiri. Kusa da Kurwazik akwai wani gari Gerand, su ma sana'arsu ke nan. Suna janyo ruwan teku cikin fadamu na yumɓu, rana da iska su shanye, su kwashe da dogon katako daga Yuni zuwa Satumba. Na saman, fari mai laushi, a ɗan akwatin kwali suke zuba shi da hoto a jiki, ƴan yawon buɗe ido na layi. Na kai musu guntun kantun da Inna ta sa mini a kaya. Wani ya lasa ya yi shiru, ya tambaya me ake ci da shi. Na ce raƙuma ke lasa. Ya ce raƙumanmu sun more.

Na turo kuɗi ta hannun wanda ka sani a Agadas. Na Inna ne da na makarantar yara, an ƙirga, an rubuta, kuma na gaya wa Falmata adadin kafin in gaya maka. In mai zuwa Yamai ya samu, a aiko mini da dabinon gonar Baba, na gindin rijiya, ba irin wanda kake ba baƙi ba. Madugu ya ɗanɗana sau ɗaya, yanzu kullum sai ya tambaya, har ya ce in an kawo zai nuna mini wuri ɗaya daga cikin wurarensa.

Ka gaida Liman da mutanen zaure duka.

Ubangidanka,
Bukar