Kusar da ta gagari unguwa

Land Cruiser ɗina gadon kawuna ce, samfurin 60 ɗin nan da Toyota ta fara ƙerawa a 1980. Injinta lafiya lau, sai dai da zarar an hau hanyar burji sai ka ji gwaram-gwaram daga ƙasa. Bakanikena ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce robobin da ke tsakanin bodi da shasi ne suka mutu. "Alhaji, kafin shayinka ya huce mun gama. A kwance kusa, a ɗaga bodi da jak, a sa sabuwa." Na garzaya Ƙofar Ruwa na sayo robobi, na naɗe hannun riga, wai ni ma in tayar da ƙura.

Ashe a cikin kowace roba akwai ɗan bututun ƙarfe da kusar ke ratsawa. Ruwan damina da laka sun shekara suna shiga, har tsatsa ta ɗaura musu auren da babu saki. Muka zuba man birki. Muka zuba kananzir. Mai shayi ya rantse lemon kwalba na cin tsatsa. Na sayo, yaron gareji ya shanye rabi kafin ya isa gindin mota. Guduma kuwa ba ta yi komai ba, domin roba shanye bugu take yi, ta maido maka abinka.

Sai Oga bakanike ya zura dogon bututu a sifana, muka rataya a kai, ni da shi da wani mai wucewa da bai ma yi sallama ba. Kusa ta motsa! Aka yi kabbara. Muka juya, muka juya, gumi har cikin takalmi, amma ko kaɗan ba ta sauko ba. Notin sama da kamfani ya liƙe da walda a cikin bodi ne ya ɓalle, yana ta bin ta suna zagayawa tare.

"A kira mai walda," in ji Oga. Gaskiyarsa, zafi na buɗa ƙarfe. Abin da bai faɗa ba shi ne tsohuwar roba ta fi ƙarfen son wuta, ga tankin mai ba nisa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe layi, yara suka ɗauki ihun "Gobara!" Wata dattijuwa ta fito da bokitin ruwan wanke-wanke, ta saiti mota, ta same ni.

Da zarton ƙarfe aka yanke kusar a ƙarshe, bayan la'asar. Oga ya share fuska ya ce, "Alhaji, ai wannan ce mai sauƙin."

Motar tana nan kan katako a gareji. Mai so ya zo mu daidaita, sababbin robobin kyauta ne.