Yadda na zama ɗan aiken injina biyu

Ƙanin matata ne ya dawo daga Jamus da tsarabar da babu wanda ya roƙe shi: allon wasan ches na katako mai ƙwaƙwalwar lantarki a cikinsa, irin waɗanda suka yi tashe a Turai a shekarun 1980 da 1990. A gwanjo ya saye shi. Kowane ɗa akwai maganaɗisu a gindinsa, kowane gida kuma da 'yar fitila ja. Kana ɗaga dokinka allon ya sani, ya yi ɗan tunani, ya kunna fitila ya nuna maka inda za ka kai masa nasa.

Katakon nan ya yi ta cinye ni a gaban yara. Na ce tunda kwamfutar Deep Blue ta kayar da gwanin ches Garry Kasparov a 1997, ba abin kunya ba ne mutum ya ɗauko sojan haya. Na sauke Stockfish, manhajar kyauta da ta fi ƙarfin kowane ɗan wasa a duniya, na ƙudura sai na haɗa ta da allon ta rama mini.

A gefen allon akwai kafa mai allura tara, irin ta RS-232, tsarin da aka fito da shi tun shekarun 1960. Kwamfutata kuwa USB kawai ta sani. Yaron shagon kayan waya ya jujjuya abin ya ce, "Alhaji, wannan ai sai gidan tarihi." Da ƙyar ya zaƙulo mini wayar da ke haɗa tsoho da sabo. Na jona, shiru. Ashe irin waɗannan wayoyi kala biyu ne: wata miƙaƙƙiya, wata kuma an sarƙe allura ta 2 da ta 3, domin bakin wannan ya faɗa kunnen wancan. Tawa baki da baki ta haɗa. Aka sauya. Sai Windows ta raɗa wa kafar suna COM3, alhali manhajar na can tana sallama a COM1.

Da na daidaita wannan, rubutu ya fara zubowa, amma wane irin rubutu! Ƙugiyoyi, akwatuna, alamar tambaya a kife. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ko a kira Liman ne?" Ba aljanu ba ne, saurin magana ne ya bambanta: allon na aikawa a 9600, kwamfuta na saurare a wani mizanin daban.

Da na daidaita saurin, daga ƙarshe suka gaisa. Na gyara zama zan sha kallo, sai fitila ta kama. Babu mai hannu a cikinsu. Stockfish ta ce a kai doki, na kai. Allon ya ce a tura soja, na tura. Na yi jinkiri ina kurɓar shayi, ya yi mini ƙara kamar uwar miji. Ana dab da kama sarkinsa aka ɗauke wuta, tsohon ya manta komai, ya tashi babu kaye a kansa.

Duk wanda surukinsa zai je Turai, ya ce masa turare ya isa.