Gorar Maigadi

Duk wanda ya taɓa ratsa Titin Ibrahim Taiwo da hantsi ya san ba titin mutum ɗaya ba ne. Ga 'yan dako da dilar atamfa a ka suna "hanya, hanya", ga Adaidaita Sahu sun cushe bakin Kantin Kwari, ga mutanen Sabon Gari sun sauko sari, ga 'yan canjin Wapa can cikin Fagge. Tun zamanin ayari Fagge masaukin baƙi ce, Sabon Gari kuma an kafa ta wajen 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo. Shi kansa mai sunan titin, Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan Kwara ne, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, rana ɗaya da Murtala. A kan titin nan nake son in ajiye labarina. Gidan da zan faɗa ba shi da lamba, ko ka je nema ba za ka same shi ba, amma abin da aka yi a cikinsa an yi shi a garin nan da rana tsaka.

Gida ne mai hawa biyu, shaguna sama da ƙasa. Wani attajiri ya gina shi, ya zuba 'yan haya bai tambayi kowa inda yake fuskanta in zai yi ibada ba. Akwai masu atamfa da shadda, akwai Bayarabiya mai leshi, akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai zif da maɓalli da kayan keken ɗinki, sai wani tsohon tela a ƙarƙashin matakala, rediyonsa rataye a ƙusa. Masallaci na tsakar gida, 'yan haya suka gina da kuɗinsu, kuma kowace azahar sai sahu ya fito har waje. Ranar Lahadi shagon Ibon a rufe yake, ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

Da sata ta yi yawa sai aka ɗauki maigadi. Kowane shago na ba da kuɗin gadi ƙarshen wata, Musulmi da Kirista kuɗi ɗaya. Attajirin ya sa aka rubuta sharaɗi biyu aka manna a ofis. Na ɗaya, maigadi na kowa ne, in yana bakin aiki ba ya cikin ɗarikar kowa. Na biyu, abin da ɗan haya ya yi imani da shi nasa ne, ko ya riƙe ko ya saki. Aka ba maigadi gora da tocila da mukullin sito. Aka zauna lafiya har attajirin ya rasu, ɗansa ya gaji gidan. Shi kuwa magajin idonsa na kan kujerar shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, zaɓe kuma ya matso.

A shagon wani dillalin shadda akwai akawu, saurayi ɗan cikin badala, wanda ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro. Lissafinsa ba ya tashi. Ko naira hamsin ce ta yi rara sai ya bi mai ita har bakin titi. In an kira salla shi ne mai cewa, "Ku je, zan duba muku kaya." Aka daɗe ana yaba masa, har ranar da wani ya ce, "Wai kai yaushe kake yin taka?" Ya yi shiru, can ya ce ya daina, domin zuciyarsa ta daina gaskatawa, kuma ba ya son ya shiga sahu yana yaudarar mutane.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila an bi shi da addu'ar shiriya. Sai ya hau Facebook ya rubuta maganganu masu kaushi a kan abin da mutanen gidan suka fi so fiye da iyayensu. Ba zan wanke shi ba. Kalaman sun yi ciwo, kuma wanda ya ji zafinsu ba munafunci yake yi ba. Sai dai a gidan akwai malamai, akwai masu alƙalami, akwai waɗanda za su iya zaunar da shi su warware masa magana ɗaya bayan ɗaya. In hakan ta gagara, a ƙaurace masa. Duk ba a bi nan ba, aka nufi maigadi.

Maigadi ya san takardar ofis sarai. Amma ya ga taro, ya ga idanu sun yi ja. Ya damƙe yaron ya tura shi sito cikin diloli, ya datse, ya ce don tsare ransa ne. Da magajin ya iso, bai tambayi komai ba. Ya hau matakala ya yi jawabi, aka yi kabbara, ya ƙara wa maigadi albashi, ya sayo masa sabuwar gora mai ƙarfe a baki.

Tsohon tela ne kaɗai ke kai wa yaron abinci. Ta ƙasan ƙofa yake tura gurasa da ruwan leda, ya zauna a kan dila ya jingina da bango.

"Baba," in ji yaron daga ciki, "ni ban ce a rushe masallaci ba. Da za a zo rushe shi, da ni za a tare ƙofa, domin haƙƙinku ne. Amma kuɗin gadin nan akwai gumina a ciki. An ɗauki mutumin nan ya tsare ƙofa ne, ba ya leƙa ƙirjina ba. Yanzu in na fito na bi sahu don tsoron gora, wa na yi wa sallar? Shi, ko Ubangijin da kuke bauta wa?"

"Ɗana," in ji tela, "ban yarda da harafi ɗaya na abin da ka rubuta ba, kuma dare da rana ina roƙa maka shiriya. Amma sallar tsoron gora, mu ma ba a koya mana ita ba."

Washegari tela ya sa babbar rigarsa ya hau bene. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya yi wa marigayi addu'a, sannan ya ce, "Alhaji, wani tsohon labari na tuna, na ce bari in zo in ba ka. Ka san Nafata?"

"Sarkin Gobir, Baba?"

"Shi. Lokacin da jama'ar Shehu Usmanu ta yi yawa a Degel, Nafata ya sa aka yi shela a kasuwanni. Ya ce ban da Shehu kada wanda ya ƙara yin wa'azi. Ya ce wanda bai gaji Musulunci wurin ubansa ba kada ya shiga, wanda ya riga ya shiga kuma ya koma inda ya tarar da ubansa. Ya hana maza rawani, ya hana mata lulluɓi. A ganinsa gidansa yake tsarewa, al'adar kakanninsa yake karewa, kuma fadawa sun yi masa kirari. Ɗansa Yunfa ya ɗora daga nan, har ta kai Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Kafin su kuma, a Bagadaza, halifa Mu'utasim ya sa an yi wa Imam Ahmad ɗan Hambali bulala a kan mas'alar aƙida. Halifa ne fa, Alhaji, mai salla, mai jan runduna. Shi ma yana ganin addini yake tsarewa."

Magajin ya ɓata fuska. "Haba Baba! Ka rasa wanda za ka haɗa da Shehu sai wannan ɓataccen yaro?"

"Allah ya tsare bakina. Ban haɗa su ba, ko a mafarki. Gorar nake nuna maka. Ita ba ta yi karatu ba, ba ta san mai gaskiya ba, hannun da ya riƙe ta kawai ta sani. Yau tana hannun wanda ke salla irin taka. Gobe fa?"

"Baba, ka sha shayi," in ji magajin, ya ɗauki wayarsa.

Ba a rufe wata uku ba. Wani yaron shago mai son bege ya rera waƙa lokacin Mauludi, ya tura wa abokansa, wasu suka ce ya wuce gona da iri. Maigadi bai jira umarni ba, ya kai shi sito. Wani ɗan ƙaramin yaro mai kai saƙo ya yi faɗa da abokinsa, baƙar magana ta kuɓuce masa, shi ma sito. Sai aka wayi gari limamin gidan kansa, wanda ya ja kabbara ranar da aka kulle akawu, ya yi karatu bayan la'asar da bai yi wa sauran malamai daɗi ba. Suka je wajen maigadi. Mutumin da ko Ahalari bai sauke ba, shi ya zauna a kan benci yana raba gardamar malamai, gora a gefensa. Da magariba liman na ciki, yana zaune kusa da akawu.

Bari in ɗan fito daga gidan in tsaya a bakin titi.

Ranar 28 ga Afrilu 2020 aka kama Mubarak Bala a Kaduna aka kawo shi Kano. Injiniya ne, a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar waɗanda ba su yi imani da addini ba ta Najeriya, kuma tun 2014 an taɓa kwantar da shi a sashen masu taɓin hankali na kwana 18 bayan ya ce ya bar addini. Ya shafe watanni iyalinsa ba su san inda yake ba. A Disambar 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce a sake shi, ba a sake shi ba. Ranar 5 ga Afrilu 2022 ya amsa laifi, Babbar Kotun Jihar Kano ta ba shi shekara 24 a kan rubutun Facebook. Sai a Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce hukuncin ya wuce kima, ta mayar da shi shekara 5. Wannan shi ne mulhidin. Sauran fa? Yahaya Sharif Aminu ɗan Tijjaniyya ne, mawaƙin bege, aka ƙona gidansu a Sharifai, aka yanke masa hukuncin kisa ranar 10 ga Agusta 2020 ba tare da lauya ba, shari'arsa ta kai har Kotun Ƙoli yana tsare. A wannan ranar kotun ta ba wani yaro da aka ce shekararsa 13 ɗaurin shekara 10, sai a Janairun 2021 aka soke. Sheikh Abduljabbar, ɗan Sheikh Nasiru Kabara jagoran Ƙadiriyya, gwamnati ta rufe masallacinsa a Fabrairun 2021, ta shirya masa muƙabala a Yuli, aka yanke masa hukuncin kisa ranar 15 ga Disamba 2022. Ba ina cewa huɗun nan sun yi daidai a abin da suka faɗa ba. Ina cewa ne uku daga cikinsu masu kalmar shahada ne.

Takardar ofis ma ba ƙirƙirata ba ce. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da imani, har da 'yancin sauya addini. A kan wannan kundi kowane gwamnan Kano ke rantsuwar kama aiki, da Alƙur'ani a hannunsa. A Afrilun 2025 Kotun ECOWAS ta ce dokokin ɓatanci na Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta sa wa hannu. Mai ganin waɗannan sassa ba su dace da mu ba, yana da majalisa, ya je ya nemi a canza su. Amma ka rantse a kansu da safe ka take su da yamma, sannan ka kira hakan kishin addini, wannan ne ban iya haɗiyewa ba, domin addinin da ake kishi shi ne ya fi kowa tsananta cika alkawari.

Mu koma ciki.

Ibon nan ya fara kwashe kayansa kaɗan-kaɗan. Tela ya tare shi ya ce, "Maƙwabci, ina zuwa? Ai kai ba wanda ya taɓa ka." Ya ce, "Baba, na tuna Bridget Agbahime, dattijuwar nan mai sayar da robobi da aka kashe a kasuwar Ƙofar Wambai a Yunin 2016. Mutum biyar aka gurfanar, kafin shekara ta ƙare aka sallame su. Mai rubutu ya samu shekara 24, wanda ya zubar da jini ba a ga ko ɗaya a kurkuku ba. Ni da nake biyan kuɗin gadi, wa maigadin nan zai tare mini?" Tela ya rasa ta cewa, ya taya shi ɗaure kwali.

Shi kuwa maigadi yanzu ba ya kwana a ƙofa. Yini yake yana zagaya shaguna, yana sauraren wanda ya saki hannu da wanda ya kama, wa ke zuwa zikiri, wa ya ƙi zuwa. Kowa ya koyi rage murya. Mai bin wani bashi ya gano hanya mafi sauƙi ta tsorata shi, wanda ake bi bashin ma ya gano tasa. Ɓarayi suka fasa rufin kwano suka zare diloli dare biyu a jere. Lambatun bayan gida ya toshe ba mai dubawa, damina ta sauka, ruwa ya shiga shagunan ƙasa kamar yadda ya yi wa Kwari a 2022, atamfa ta jiƙe har ta fara wari. Littattafan lissafi suka rikice, domin mai riƙe su na sito.

Zaɓe ya zo, magajin ya sha ƙasa. Wanda ya kayar da shi ɗan wata ɗarika ce daban, kuma tun kafin a gama ƙirga ƙuri'a ya aika wa maigadi buhun shinkafa. Ranar Asabar da safe magajin ya faka motarsa a bakin titi ya nufi ƙofar gidan ubansa. Maigadi ya miƙe, ya gitta gora.

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ƙararka aka kawo. An ce jiya a masallaci an ji wata magana daga bakinka. Sai ka biyo ni mu ji yadda take."

Magajin ya waiwaya yana neman wanda zai sa baki. Masu atamfa kowa ya sunkuyar da kai yana awon yadi. Maigadi ya ciro mukullin sito daga aljihu.