Duna Ya Shiga Firamare

A karkarar Gezawa gona ce kan gona, gida kan gida. Daga Jogana har ka dangana da iyakar Minjibir da wuya ka ga dajin da zomo zai ɓuya, sai gero da dawa da gyaɗa, sai kuka da tsamiya jefi-jefi. Saboda haka karen wannan yanki ba shi da wata farautar kirki. Da dare ya yi gadin awaki da rumbu, da rana kuwa ya nemi sana'a. Nawa, wanda yara suka laƙaba wa Duna saboda baƙinsa, sai ya zaɓi bara.

Wurin aikinsa shi ne ciyayyar ƙofar gidanmu. Da an idar da magariba kowane gida zai fito da kwanon tuwonsa, mu magidanta mu baje a kan tabarma. Duna ba ya haushi, ba ya wawura. Zuwa zai yi ya kwanta daidai inda hasken tocila ya ƙare, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa na gaba, ya zuba wa loma ido. Ka yanko tuwo ya bi hannunka da kallo. Ka dangwalo miyar kuka ya haɗiyi yawu. Ka kai baki ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, sai ka ce maraya ranar Sallah. Mutum da tuwonsa, da gumin gonarsa, amma ya riƙa ci yana jin kunya.

Ranar da tura ta kai bango ita ce ranar da ya tsoma baki a kwanon uwargida. Ta wanke shi sau bakwai kamar yadda malamai suka karantar, tana ƙirgawa da ƙarfi don in ji. Da ta kai na bakwai ta ce, "Malam, ko kai ko karenka, ɗaya ya yi hankali."

Ni kuwa na taɓa karatu. Na san labarin Ivan Pavlov, mutumin Rasha da ya ci kyautar Nobel a 1904, wanda ya gano cewa idan kullum wani sauti yana zuwa gabanin abinci, kare zai fara dalalar da miyau da jin sautin kawai. Na ce to, ai karen bana shi ke maganin zomon bana. Na je Jogana na sayo tsohon wilin mota a wurin wani bakanike, na rataye shi a jikin darbejiyar bayan gida. Kafin magariba in zuba ƙanzo da ɗumame a kasko, in buga ƙarfe, Duna ya zo ya ci a can, nesa da mutane. Ga doka kuma: a wurin ciyayya ko ƙashi kada wanda ya jefa masa.

Kai, karen nan yana da kwanya! Nan da nan ya gane. Da ya ji ƙarar ƙarfe sai ya zo a guje, ya lashe kasko tas. Sannan ya miƙe, ya girgije, ya zagayo ƙofar gida ya kwanta a mazauninsa na kullum. Wato abin da na yi shi ne na ƙara masa kwano.

Sai na sa ido, domin kare ba ya zaman banza inda babu samu. Ashe dattijonmu Baffa ne. Haƙoransa saura kaɗan, in ya gamu da jijiya ko guringuntsi a miya sai ya tauna ya gaji, ya faki ido, ya cilla ta bayan kafaɗa. Ba kullum ba, sai jifa-jifa. Wannan kuwa shi ne mafi muni. B. F. Skinner na Jami'ar Harvard a Amurka ya gwada da ɓeraye da tattabaru, ya nuna cewa dabbar da ake bai wa lada yau a hana ta gobe ta fi kowace naci, don kullum tana zaton yanzu ne rabonta zai faɗo. Na tsuguna na yi wa Baffa wannan bayani cikin ladabi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗan nan, shi wannan Bature ya fi Bukhari ne?" Ya janyo mini hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sauran dattawa suka gyaɗa kai. Wa ya isa ya ja da wannan a gaban tuwo?

Ana cikin haka sai ga ɗan aike daga hedimastan firamaren unguwarmu, wai in zo. Ashe su ma wilin mota suke bugawa. Da an buga na tashi tara, Duna zai ratsa gonaki uku a guje, ya riga 'yan aji ɗaya isa wurin masu awara da ɗanwake, ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafu. Yaran da aka ba kuɗin tara don su ci, rabi nasu rabi nasa. Wata uwa har ta kawo ƙara, ɗanta yana dawowa gida da yunwa. Hedimasta ya ce a duk makarantar babu mai zuwa a kan lokaci kamarsa, amma ba shi cikin rajista, don haka in ɗaure abina.

Na ɗaure shi. Ya kwana yana kuka, unguwa ta kwana ba barci, da asuba Baffa ya kwance shi da hannunsa a hanyar masallaci.

Yanzu Duna na cin kasko a bayan gida, ya ci tara a makaranta, ya ci jijiya a ciyayya. Ya yi ƙiba har ɓarawon akuya ma ba zai iya bi ba. Mai karatu, in kana neman kare mai zurfin ilimi, ka zo Gezawa, kyauta zan ba ka har da wilin motar. Sharaɗi ɗaya ne: ka tafi da Baffa.