Sauron Tanghin Bai Sa Hannu a Bangui Ba

A 2013 ɗalibai biyu na makarantar 2iE ta nan Wagadugu, Moctar Dembélé da Gérard Niyondiko, suka haɗa sabulun korar sauro da man kaɗanya da wasu ganyaye, suka lashe dala 25,000 a gasar Berkeley ta Amurka. Tun daga ranar maƙwabcina a Tanghin ya kamu da ciwon ƙirƙira.

Nasa injin kuwa: fankar tsohuwar kwamfuta, batirin babur, da gwangwanin tumatir cike da garwashi da ɓawon lemu. Hayaƙin ya kora uwargida gidan iyayenta kwana uku. Sauron madatsar ruwa ko gezau, har da gayyato dangi.

Duk da haka ya same ni da asuba. "Malam, ina ake yi wa abu rajista kada a sace min basira?"

Na ce, "Alhaji, Yawunde, ofishin OAPI. Takarda ɗaya ta kare ka a ƙasashe 17 har shekara 20, bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977. Amma akwai kuɗin shiga, kuma duk shekara sai ka biya, in ka daina haƙƙin ya faɗi."

Ya shafa aljihu.

"Najeriya ma ba ta ciki," na ƙara masa. "Maƙerin Kano na iya kwaikwaya kafin la'asar."

"Allah ya sa ya kwaikwaya, shi ma tasa matar ta yi yaji."

Gwangwanin na bayan ɗakinsa yanzu, kaza ta yi ƙwai a gefensa. Alhaji ya koma gidan sauro.