Yadda Za Ka Cusa Gagararren Ɗanka a Harvard

Kwantar da hankalinka. Na ji ƙorafin naka: yaron ya gagari malamai, an kama shi da satar amsa sau biyu, ya fasa wa ɗan ajinsu baki, kuma kullum sai ya sa ƙananan yara kuka a motar makaranta. Kana tsoron wannan hali zai hana shi shiga ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka, irin su Harvard da Yale da Stanford. Gaskiya ƙofar ƙarama ce. A 2023 mutum sama da dubu 56 suka nemi Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai dubu 2 ba. Kuma jami'o'in nan kullum cewa suke yi maki kaɗai bai ishe su ba, hali suke dubawa. To, bari in nuna maka yadda ake auna halin.

Shawara ta farko ta ɗan zo a makare, amma ita ce uwa-uba: ka tabbata kai ma can ka yi karatu. Idan ba ka yi ba, ka binciki uwar yaron. A shari'ar da ƙungiyar Students for Fair Admissions ta kai Harvard, takardun jami'ar sun fito fili, aka ga cewa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai kusan ɗaya cikin uku ake ɗauka, alhali jimillar masu nema kusan shida cikin ɗari ne ke samu. Masana tattalin arziki da suka tona takardun sun gano cewa kashi 43 cikin ɗari na Turawan da aka ɗauka, ko dai 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko kuma sunansu na cikin wata takarda ta musamman da ake ajiye 'ya'yan masu ba da gudummawa. Mai uwa a gindin murhu dai ba ya cin tuwonsa gaya, ko da murhun na lantarki ne.

Ba ka yi Harvard ba? Ba komai, sai ka gina musu wani abu. Kada ka kuskura ka kira shi cin hanci, sunansa kyauta. Ɗan jarida Daniel Golden, a littafinsa The Price of Admission na 2006, ya ba da labarin yadda attajiri Charles Kushner ya yi wa Harvard alkawarin dala miliyan 2.5 a 1998, ba da jimawa ba kuwa ɗansa Jared ya samu gurbi. Iyalan sun ce kyautar ba ta da alaƙa da gurbin, kuma wane ni in ƙaryata su. Abin lura shi ne babu wanda ya kwana a ofishin 'yan sanda kan wannan. Idan makin yaron ya yi ƙasa sosai, Harvard tana da wata 'yar takarda da ake kira Z-list, inda ake ce wa wasu 'yan tsiraru su je su huta shekara guda sannan su dawo. Ɗan talaka in ya zauna gida shekara guda, zaman banza yake yi. Naka kuwa neman sanin kansa ya tafi.

Yanzu ga batun laifuffukan nasa. Nan ne ake buƙatar dabara, domin laifi ba ya zama laifi sai an rubuta shi. Kada ka bari yaron ya yi tsageranci a makarantar gwamnati, inda ake da fom na dakatarwa kuma wani lokaci har ɗan sanda ke zaune a harabar makaranta. Ka kai shi makarantar kuɗi ta kwana, mai ciyawa shar da ɗakin karatu mai sunan kakan wani. A irin waɗannan, idan abu ya ɓaci, akan gayyato uba ofishin shugaba, a kawo shayi, a tattauna cikin mutunci, sai a wayi gari yaro ya "janye da kansa saboda dalilan iyali". Kalmar kora ba ta taɓa takarda ba. Malamin da zai rubuta masa takardar shaida kuwa gwani ne: mai taurin kai ya koma "mai tsayawa kan ra'ayinsa", mai cin zalin yara ya koma "mai jinin shugabanci", wanda ba ya zama a aji ya koma "mai son koyo a wajen bango huɗu". Ƙuruciya dangin hauka ce, in ji mu, amma fa sai ga wanda ke da lauya. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta Amurka na 2014 sun nuna ana dakatar da ɗalibai baƙar fata ninki uku na Turawa. Ganin irin wannan bambanci ne ya sa Common App, fom ɗin da ɗaruruwan jami'o'i ke amfani da shi, ya cire tambayar "an taɓa hukunta ka a makaranta?" daga 2021. An yi ne don a sauƙaƙa wa 'ya'yan marasa gata, amma ba a ce ɗanka ba zai ci albarkacinsu ba.

Idan labarin ya riga ya fita, to a mayar da shi jari. Ana buƙatar kowane mai nema ya rubuta ɗan gajeren insha'i game da rayuwarsa, kuma babu abin da ke taɓa zuciyar masu tantancewa kamar tubabbe. Ka ɗauko mai ba da shawara, ka biya shi, ya zauna da yaron su tsara yadda ranar da ya mari wani ta zama ranar da ya gano ma'anar tausayi. A haɗa da tafiyar sati biyu zuwa wata ƙasa a Afirka, ya riƙe buroshin fenti a jikin bangon firamare, a ɗauke shi hoto yara sun kewaye shi suna dariya. Mu da ake zuwa yi wa fentin mun san bangon ba ya kai damina biyu, amma hoton yana kai mutum Harvard. Yaron da ɗanka ya mara kuwa, wanda bai taɓa laifi ba, kullum yana aji yana karatu, da yamma yana aikin wanke-wanke a gidan abinci, ba shi da labarin tuba da zai sayar. Laifinsa ne, me ya hana shi yin rashin ji tun da wuri?

Akwai kuma hanyar wasanni, wadda ta fi kowace faɗi. A Harvard, sama da kashi 80 cikin ɗari na 'yan wasan da koci ya nuna yana so suna samun shiga. Sai dai ka zaɓi wasan da kyau. Ƙwallon kwando da guje-guje akwai 'ya'yan talakawa masu yunwa a ciki, za su bar ɗanka a baya. Ka nemi wasan da sai mai kuɗi ke iya koya: wasan takobi, tseren kwalekwale, ƙwallon ruwa, tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska.

To amma a nan sai na ja kunnenka, domin wasu sun yi gaggawa sun ƙone baki. Wani mai suna Rick Singer ya shekara da shekaru yana gaya wa iyaye cewa ƙofa uku ce: ta gaba, wadda yaro ke shiga da ƙoƙarinsa, ta baya, wadda ake shiga da kyautar miliyoyi amma babu tabbas, sai tasa, ta gefe, mai araha kuma mai tabbas. Iyaye suka zuba masa kusan dala miliyan 25. 'Yar fim Lori Loughlin da mijinta Mossimo Giannulli sun biya dala dubu 500 don a shigar da 'ya'yansu mata biyu jami'ar Kudancin Kalifoniya a matsayin 'yan tseren kwalekwale, aka ɗauke su hoto a kan injin motsa jiki mai kwaikwayon tuƙi, a busasshiyar ƙasa. Wani uban ya sayo ƙwallo da hular ƙwallon ruwa a Amazon, ya jefa ɗansa cikin tafkin wanka na gida, ya ɗauki hoto, ya ba mai gyaran hoto a kwamfuta ya mayar da shi kamar ana tsakiyar gasa. Ita kuwa Felicity Huffman dala dubu 15 ta bayar, aka gyara wa 'yarta amsoshin jarrabawar SAT bayan ta tashi. Kuɗin ma ta wata gidauniyar Singer ta taimakon marasa galihu ake biya, don a samu rangwamen haraji. Ka ji masu tsoron Allah.

A watan Maris na 2019 asiri ya tonu, aka gurfanar da mutum 50 a tashin farko. Kuskurensu a bayyane yake: sun ba koci maimakon su ba jami'a. Kuɗin da ya shiga aljihun ma'aikaci zamba ne, wanda ya shiga asusun makaranta kuwa har suna ake rubuta maka a jikin gini. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, sai dai ita daddawar a kotu a matsayin wadda aka cuta ta bayyana. Hukuncin ma bai kai a tashi hankali ba: Huffman kwana 14, Loughlin wata biyu, mijinta wata biyar. A 2011 an yanke wa Kelley Williams-Bolar, wata uwa baƙar fata a jihar Ohio, kwana 10 a gidan yari saboda ta yi amfani da adireshin mahaifinta ta sa 'ya'yanta a makarantar gwamnati ta unguwar da ta fi tasu kyau. Sai ka lissafa farashin kowane kwana da kanka.

Kada ka ɗauka maganar hali sabuwa ce. A shekarun 1920, lokacin da shugaban Harvard, Lawrence Lowell, ya ga Yahudawa sun yi yawa saboda suna cin jarrabawa, sai aka ƙara wa "hali" da "cancantar mutum" nauyi a tantancewa, adadinsu ya sauka. Bayan kusan shekara ɗari, takardun kotu suka nuna 'yan asalin Asiya, duk da makinsu, su ke samun maki mafi ƙasa a ma'aunin halayya, daga hannun mutanen da galibi ba su taɓa ganinsu ido da ido ba. Hali zanen dutse ne a wurinmu. A can da fensir ake rubuta shi, kuma magogin na hannun ofishin tantancewa. A watan Yuni na 2023 Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma ba ta taɓa gatan 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ba. Johns Hopkins da Amherst sun daina da kansu, Kalifoniya ta kafa doka a kai a 2024, don haka ka duba taswira kafin ka zuba kuɗinka.

Abu ɗaya ne ba a yafewa, kuma shi ne ya kamata ya hana ka barci: wayar yaron. A 2017 Harvard ta janye gurbin aƙalla ɗalibai 10 da ta riga ta ɗauka, bayan an ga hotunan barkwanci da suke tura wa juna a wani zauren Facebook, suna izgili da kisan ƙare-dangin Yahudawa da cin zarafin yara. Ba a wannan rana halinsu ya lalace ba, a ranar ne dai wani ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura inda bai kamata ba. Saboda haka daga ranar da aka cike fom, ka karɓe wayar, ka kulle ta a durowa, ka ba shi ƙaramar Nokia mai tocila. Ya ci gaba da zagin direba da mai aiki da baki, wannan iska ke kwashewa.

Kai ma ka rage surutu a waya. Yawancin iyayen nan da suka bi ƙofar gefe da muryarsu aka kama su, domin tun a 2018 Singer ya koma yi wa hukumar FBI aiki, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, yana tuna musu abin da suka ƙulla, su kuma suna amsa "ƙwarai kuwa" na'ura tana naɗa. A watan Janairu na 2023 aka yanke masa shekara uku da rabi. Ya riga ya fito, kuma ya koma sana'ar ba iyaye shawara kan shigar da yara jami'a. In ka kira shi, ka bar shi ya yi ta magana, kai dai ka riƙa gyaran murya.